Kwamfuta za ta koma shagon ƙofar gida, dole ne modem ya bi ta?

Wani malamin sakandare da ke zaune a Tudun Wadan Zariya ya aiko da tambaya. Kwamfutarsa ta tebur ce, tana falo tare da modem irin mai layin waya a ciki, wato SIM, wanda duk mutanen gidan ke amfani da Wi-Fi ɗinsa. Yara sun hana shi sakat, baƙi ma ba sa yankewa, shi ya sa yake son ya kwashe kayan ya mayar shagon ƙofar gida, wanda tsakar gida ta raba da falon, tazarar kamar mita 20. Yana tambaya ko ya ciccire komai ya kai can ya jona kawai, ko akwai abin da zai iya lalacewa, kuma ko intanet ɗin zai ci gaba da gudu yadda ya saba.

Malam, Allah ya taimaka. Aiki biyu ka haɗa a tambaya ɗaya, kuma gara a raba su tun yanzu. Kwamfuta ba ta da zaɓen ɗaki. Duk inda aka samu wuta mai kyau da iska da tebur, za ta zauna ta yi aikinta. Modem kuwa ba haka yake ba, wurin zamansa shi ne rabin aikinsa. Shawarata ita ce ka kai kwamfutar shago, ka bar modem inda ya fi samun sabis, wanda a gida irin naka da wuya ya zama shagon, sannan ka ja waya guda ɗaya ta haɗa su. Yawancin waɗanda suke kirana bayan sun yi irin wannan ƙaura, suna cewa kamfani ya rage musu gudun intanet, ba kamfanin ba ne. Sun ɗauke akwatin ne daga bakin taga sun kai shi lungu.

Wannan ɗan akwatin rediyo biyu ne a gida ɗaya. Ɗaya tana magana da turken kamfanin da ke can waje, ɗayar kuma ita ce Wi-Fi da ke magana da wayoyinku a cikin gida. Kowace akwai abin da take buƙata, kuma sau da yawa buƙatun biyu ba sa haɗuwa a ɗaki ɗaya. Ta wajen tana son taga mai fuskantar turke, da ɗan tsayi daga ƙasa. Ta cikin tana son tsakiyar gida. Gine-ginenmu kuma ba sa sassauta wa kowace. Bangon bulo da aka yi wa filasta ciki da waje yana cin sigina sosai, rufin kankare mai rodi ya fi shi ci, kwano kuwa mayar da ita yake yi gaba ɗaya. Tsofaffin gidajen ƙasa na cikin birni, irin na wajen Ƙofar Doka da kewayen fada, kaurin bangonsu kaɗai ya isa, balle da damina in ya sha ruwa, domin ruwa na daga cikin abubuwan da suka fi shanye sigina. Saboda haka ne tankin ruwa da ke tsaye tsakanin falo da shago yake iya yin ɓarnar da bango bai yi ba. Shago kuma ka san yadda ake gina shi a garin nan: ƙofar ƙarfe, ƙaramar taga mai ƙarafa da raga, kwano a sama, sau da yawa ko silin babu. Ɗaki ne da aka yi don kada komai ya shigo, kuma sabis ma yana cikin abin da yake tarewa.

Kada ka ɗauki maganata haka kawai, gwaji ba ya cin ko sisi. Cire modem ɗin ka kai shago ka jona, ka ba shi minti biyu ya kama. Sandunan sabis da ke jikinsa kada su ruɗe ka, ana iya ganin huɗu cif amma shafi ya ƙi buɗewa. Juya akwatin, a ƙasa ko a baya akwai takardar da aka rubuta adireshinsa, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, na Huawei kuma 192.168.8.1. Rubuta shi a burauzar wayarka, ka shiga da kalmar sirrin da ke jikin takardar, ka nemi shafin bayanin na'ura. Lambobi biyu za ka duba. Ta farko RSRP, ita ce ƙarfin siginar, kuma da alamar ragi take zuwa, don haka in lambar da ke bayan alamar ta fi ƙanƙanta, sigina ta fi ƙarfi: wajen -80 lafiya lau ne, -90 zuwa -100 za a yi aiki, in ta kai -110 kana bakin gaɓa. Kada ka raina bambancin 10 a wannan ma'aunin, domin tsakanin -95 da -105 ƙarfin ya ragu ninki goma ne. Ta biyu SINR, ita ke nuna tsabtar siginar daga hayaniya. Daga 13 zuwa sama abin ya yi kyau, in tana yawo kusa da sifili to ko ƙarfin ya kai yaya, gudun ba zai zo ba. Ka rubuta lambobin shago, ka koma falo ka rubuta nasa, ka gwada kowace taga, har da saman kabad. Wani lokaci matsar da shi taku biyu kawai yana canza lissafin. Sannan ka buɗe fast.com ka auna gudu a wuraren biyu, amma ka yi bayan isha'i, lokacin da duk unguwa ta hau kan turke ɗaya. Awon da aka yi da hantsi, kowa yana wurin aiki ko kasuwa, daɗin baki ne kawai.

To a ce ma shagon ya ci gwajin, tunda wani lokaci tagarsa ce ke kallon turke. Duk da haka zan ce ka yi tunani sau biyu. Ranar da modem ya bar falo, ranar uwargida da yara za su rasa Wi-Fi a ɗakunansu, domin yanzu bango uku ko huɗu ne tsakaninsu da shi. Kai ka samu natsuwa, su kuma su koma tsayuwa a bakin zaure da waya a hannu, ka ga hayaniyar da ka gudo ta biyo ka. Ta ɗaya ɓangaren kuma siginar da ta ƙi shiga cikin gida za ta fita titi tas. Wayoyin yanzu suna nuna kalmar sirrin Wi-Fi a matsayin hoton da wani zai ɗauka da kamara ya shiga, ba sai an faɗa masa ba. Yaro ɗaya ya nuna wa abokinsa, kafin mako ya zagayo 'yan majalisar ƙofar gida duk sun hau, datar wata ta ƙare a kwana goma kana ta zargin kamfani.

Za ka ce to me zai hana a bar modem a falo, kwamfutar ta kama Wi-Fi daga shago? Yana yiwuwa, amma ba shi ne zan fara zaɓa ba. Da yawa daga kwamfutocin tebur, musamman 'yan Beljiyam da aka fi saya, ba sa zuwa da Wi-Fi, sai an sayo ɗan abin da ake soka wa a ramin USB. Eriyarsa ba ta kai farce ba, kuma mutane a bayan akwatin ƙarfen suke soka shi, su jingina da bango, su yi mamakin rashin kamawa. In za ka gwada, sa masa wayar USB ta ƙari ka ɗago shi bakin taga mai kallon tsakar gida, ka kuma zaɓi zangon Wi-Fi na 2.4GHz. Shi ya fi 5GHz ratsa bango da yin nisa, duk da 5GHz ya fi shi gudu in ana ɗaki ɗaya. Don karanta saƙo da shigar da makin ɗalibai zai wadatar. Amma taron bidiyo, ko ɗora babban fayil a shafin hukuma daren da za a rufe, a nan ne zai nuna maka hali.

Akwai abubuwa biyu da masu shago za su tallata maka, dukansu ina da ja a kai. Na farko na'urar ƙara nisan Wi-Fi da ake soka wa a soket. Aikinta irin na tafinta ne: sai ta saurara, sannan ta maimaita, don haka kowace magana sau biyu ake yin ta, gudun ya ragu da kusan rabi. Kuma in ka sa ta a shago, inda siginar ta riga ta mutu, raunin za ta maimaita maka, sanduna cike amma babu komai a ciki. Na biyu na'urorin da ke tura intanet ta cikin wayarin wutar gida. A ƙasashen da wuta ba ta motsi suna aiki. Mu nan da gida ɗaya yake da layin NEPA da na inji da na sola, ana ta juya canji, wani ɗakin ma a kan wani layin daban yake, ga sitabilaiza a tsakani, ba na ba kowa shawarar ya zuba kuɗinsa a kansu.

Saura waya. Kafin ka je kasuwa leƙa bayan modem ɗin ka tabbatar akwai rami mai kusurwa huɗu da aka rubuta LAN. Manyan na kan tebur suna da shi, wasu ɗaya wasu har huɗu. Ƙananan na aljihu masu batir galibi ba su da shi, kuma wayar USB ba ta wuce mita 5 da aminci, don haka in irinsa ne da kai, canza modem ɗin ya zama dole. Wayar da za ka nema sunanta Cat5e ko Cat6, ana samu a Sabon Gari da PZ da shagunan kwamfuta na Samaru, daga kwali mai mita 305 ake yanko wa mutum abin da yake so. Tana kai mita 100 ba tare da gudun ya ragu ba, ka ga mita 20 ɗinka wasa ne. Cat5e tana ɗaukar megabit 1000 a daƙiƙa, abin da 4G na gida ba ya kusantowa, saboda haka kada wani ya cusa maka Cat7 ko Cat8 da sunan sauri. Amma kada ka auna tazarar a miƙe. Ɗauki igiya ka bi hanyar da wayar za ta bi, hawa bango, zagaye ƙofa, saukowa, sannan ka ƙara mita 3 zuwa 5. Mita 20 a ido takan koma 35 a bango, kuma wannan waya ba a yi mata ƙari da salatif irin na wayar wuta.

Inda aka fi cutar mutane shi ne ingancin ƙarfen ciki. Kasuwa cike take da wadda aka yi da alminiyam aka shafa mata jan ƙarfe a sama, a kwalin wani lokaci za ka ga CCA, wani lokaci ba a rubuta komai ba. Tana da arha, tana aiki ranar farko, amma tana da saurin karyewa in an lanƙwasa, kuma bakinta yana yin tsatsa in ta sha danshi. Ka ce a yanko maka ɗan guntu, ka fere roba, ka kankare sili ɗaya na ƙarfen ciki da reza a gaban mai shagon. In ja ne har ciki, jan ƙarfe ne. In fari ya bayyana, ajiye masa abinsa. Tunda kuma taka za ta ratsa tsakar gida, nemi ta waje, baƙa mai tauri. Mai ruwan toka ko shuɗiya ta cikin ɗaki ce, ranar Maris da Afrilu ta garin nan tana busar da robarta ta tsattsage, ruwan damina ya samu hanya.

Kan wayar, wato ɗan farin gilashin robar da ke shiga rami ya yi ƙas, shi ne wurin da ƙwarewa take. Silili takwas ne a ciki, kuma da tsarinsu: fari mai ruwan lemo, ruwan lemo, fari mai kore, shuɗi, fari mai shuɗi, kore, fari mai ƙasa-ƙasa, ƙasa-ƙasa. Duk bakin biyu haka za a jera su. In an matse maka, ɗaga kan ka kalli haske: kowane sili ya kai ƙarshe ya taɓa gaba, kuma baƙar rigar wayar ta shiga ciki an danne ta, ba a bar silili tsirara suna lilo a waje ba. Ka sa a gwada da na'urar gwaji, fitilu takwas su kunnu ɗaya bayan ɗaya a jere. Dalilin nacewata shi ne waya mai sili ɗaya a katse ba lallai ta mutu ba. Huɗu kawai ake buƙata don megabit 100, sai ta koma can shiru, ko ta riƙa ɗaukewa tana dawowa, ka yi wata kana neman laifin a wani wuri. Kuma a fara zura wayar ta ramin bango kafin a sa mata kai, ramin zai fi ƙanƙanta, kan ma ba zai karye ba.

Hanyar da za ta bi kuwa, abin da na fi gani kuma na fi ƙi shi ne a ɗaure ta daga kwanon falo zuwa na shago tana reto a sama. Ba a jimawa za a fara shanya a kanta, iskar farkon damina ta riƙa fizgar ta, ga kuma babbar matsalar da zan zo kanta. Ka bi da ita jikin katanga a cikin bututun roba irin na masu wayarin, ko a haƙa ɗan rami a binne bututun in tsakar gidan ba siminti ba ce. Bututun yana kare ta daga rana da ɓera, kuma ɓera ba ya raina wannan waya, musamman a cikin silin. Kada a cusa ta bututu ɗaya da wayar wuta, a bar tazarar kamar taƙi ɗaya tsakaninsu, in dole su haɗu to su gitta juna, kada su jera. Wajen buga kilif a bi a hankali, kada a matse ta har ta baje, kada kuma a karya ta a kusurwa, a lanƙwasa a sake. Ramin bango a huda shi yana gangarowa waje, kuma kafin wayar ta shiga a bar ta ta ɗan sauko ƙasa da ramin sannan ta hau, don ruwan da ya biyo jikinta ya ɗige a waje. Na sha buɗe modem in tarar da ramin LAN ya yi kore saboda rashin wannan ɗan lanƙwason. In gidan haya ne, sanar da mai gida kafin a huda. In kuma mai aiki za ka kira, ka tsara lokacin da kana nan, a sanar da cikin gida, ya gama abin da zai yi a falo a shiga ɗaya.

Tsawa ita ce babbar matsalar. Daga Mayu zuwa Oktoba hadarin garin nan ba ya zuwa da wasa, kuma ba sai ta faɗo a kan gidanka ba. In ta sauka a kusa, doguwar wayar ƙarfe tana ɗaukar wani ƙarfin wuta na ɗan lokaci ta kai shi bakinta biyu, ramin modem ya ƙone, na kwamfuta ya ƙone, wani lokaci har babban allon cikinta. Wayar da ke reto a sama ta fi kowace ɗauka, wadda aka binne ko ta bi katanga ta fi sauƙi. Akwai 'yar na'urar kariya da ake sa wa irin wannan waya, amma sai an haɗa ta da wayar ƙasa ta gaskiya, in ba haka ba ado ce. Abin da ya fi komai aiki kyauta ne: in hadari ya haɗo, zare wayar daga bayan kwamfuta, ka zare filogin wuta daga bango. Kashe makunni kaɗai bai isa ba. Ka koya wa wani a cikin gida ya riƙa zare ta ɓangaren modem in ba ka nan.

Wutar shagon ma a duba ta kafin a kawo komai. Shaguna da yawa an ja musu wuta ne daga baya, da siririyar waya mai sili biyu, don ƙwai ɗaya da fanka. Kwamfutar tebur tana son soket mai baki uku wanda na ukun yake haɗe da ƙasa da gaske. Alamar babu shi ita ce ka taɓa jikin akwatin ba takalmi ka ji yana ɗan cizo. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kira mai gyaran wuta ya ja waya sosai ya buga sandar ƙasa. Sannan ka tambayi kanka layin da kowane ɗaki yake kai. In sola ko inbata na kai wa falo amma ba ya kai wa shago, ko akasin haka, to duk lokacin da aka ɗauke wuta ɗayan zai mutu ya bar ɗayan. Modem ba ya cin wuta, yawanci bolt 12 ne, abin da yake ja bai fi na ƙwan fitila ɗaya ba, don haka ƙaramin batirin ajiya da ake sayarwa don shi yana riƙe shi sa'o'i. Kwamfuta da allonta kuwa suna iya cin wat 100 ko fiye, UPS ɗin da aka saba gani, wato akwatin batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, mintuna kawai yake ba ka, na ka adana aiki ka kashe lafiya. Wannan ɗin ma ya biya kuɗinsa, domin ɗaukewar wuta kwatsam tana iya lalata Windows da rumbun ajiya. Wani abu kuma: cajojin modem da na dikoda da na wasu fitilu bakinsu iri ɗaya ne amma ƙarfinsu daban. Ranar kwashe kaya suke cakuɗewa. Ɗaura wa na modem ɗan ƙyalle ko salatif tun kafin a fara.

Ɗaukar kwamfutar kanta ba wuya. Kwafe muhimman takardunka a filashi tukuna, sakamakon ɗalibai da tambayoyin jarrabawa da duk abin da in ya ɓata za ka rasa barci. Kashe ta ta hanyar da aka saba, ka jira fanka ta tsaya, ka zare daga bango. Ɗauki hoton bayanta da waya kafin ka cire ko waya ɗaya. In rumbunta tsohon samfuri ne mai faifai a ciki, faifan yana juyawa sau 5400 ko 7200 a minti, allurar karatu tana shawagi dab da shi, shi ya sa ba a ko jan tebur tana kunne. In a kashe take babu damuwa, sai dai kada a buga ta da dokin ƙofa ko a dire ta da ƙarfi. Babba ya ɗauka, a rungume, ba yara biyu suna gardama ba. Allon kuma a riƙe shi ta gefe da ƙasa, kada yatsa ya danna fuskarsa. In 'yar Amurka ce tsohuwa, duba kusa da inda wayar wuta ke shiga, wasu suna da ɗan jan makunni mai 115 da 230. Wutarmu 230 ce. In hannu ya goce ya mayar da shi 115 aka jona, ƙara ɗaya za ka ji da warin hayaƙi.

Tunda ta riga ta fito tsakar gida, buɗe murfin gefe ka ga abin da hunturu ya tara mata. Za ka tarar da jar ƙura ta yi kirtani a fanka, ta toshe haƙoran ƙarfen da ke sanyaya ƙwaƙwalwarta. A hure da abin hura iska, a riƙe fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima, kada kuma a sa tsumma mai ruwa. A shago kada ka ajiye ta a ƙasa, nan ƙura ta fi yawa, ga ruwa in ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Ɗora ta a tebur ko benci, ka bar mata sarari a baya, kada ka kulle ta a cikin kabad. In shagon kwano ne zalla, kuɗin silin ya fi kuɗin duk wani abin da za ka saya mata amfani, don da rana tsaka a watan Afrilu zafin ɗakin zai sa ta riƙa jan ƙafa ko ta kashe kanta. In ka tashi ka kashe, rufa mata zani. Tana kunne kuwa a yaye.

In ka kunna fanka na juyawa amma allo baƙi, kada hankalinka ya tashi. Duba hoton da ka ɗauka, sau da yawa wayar allon ce aka soka a ramin sama alhali da a na ƙasa take. In ba shi ba ne, ko tana ƙara ɗit-ɗit, katin RAM, wato siririn katin ma'ajiyar wucin gadi da ke tsaye a cikin akwatin, shi ne ya ɗan motsa a hanya: zare wuta, cire shi, mayar da shi har maƙallan gefe su kama da kansu. Akwai kuma wata da ke rikita mutane ƙwarai. Fitilar bayan kwamfuta tana ƙyaftawa, alamar intanet ta nuna an haɗu, amma kowane shafi ka buɗe sai ya ce ba shi da tsaro. Kalli kwanan wata a kusurwar allo. In ya koma shekarun baya, ɗan batirin da ke kan babban allon cikin kwamfutar ne ya mutu, mai kama da kwabo, lambarsa CR2032, masu gyaran agogo ma suna sayarwa. Da can da take jone kullum ba a gane ba, zare ta da aka yi ne ya tona. Gyara kwanan watan, shafuka su buɗe. Duk abin da ya faru dai kada ka soka tsinke a ramin da aka rubuta Reset a bayan modem, zai goge sunan Wi-Fi da kalmar sirrin da kuka sa, kowace waya a gidan sai an sake haɗa ta.

Da zarar ta hau, shiga saitin intanet na Windows ka kunna abin da ke gaya mata datar nan a ƙirge take, an rubuta Metered connection. Ko ka taɓa kunna shi a Wi-Fi, bai shafi waya ba, sai ka sake. In ba haka ba Windows tana ɗaukar duk haɗin waya a matsayin mara iyaka, ta kama sauke sabuntawa masu nauyi cikin dare.

Wataƙila daga baya ka so wayarka ta hannu ma ta samu Wi-Fi a shago. Wayar da ka ja ta riga ta gama aikin. Samo ƙaramar rauta, wato na'urar da ke raba Wi-Fi, ko tsohuwa ce, ka shiga saitinta ka sa ta a yanayin da aka rubuta Access Point, in ba ta da shi ka kashe DHCP ɗinta, wato saitin da ke raba wa na'urori adireshi, ka soka wayar a ramin LAN, kwamfutar ta ɗauka daga wani ramin. Ba ta rage gudu kamar waccan mai maimaitawa, domin ta waya take karɓa. Sai dai ka rage ƙarfin siginarta a saiti, ka sa mata kalmar sirri dabam da ta cikin gida.

Ga masu karatu da nasu ba mai layin waya ba ne, hukuncin bai canza ba, sai ma ƙara ƙarfi. Mai fayiba kada ya taɓa akwatin da kamfani ya kafa: zaren gilashi ne a cikin siririyar wayar, lanƙwasa ɗaya mai tsanani ta karya shi, jar fitilar LOS ta kama, kuma ba a haɗa shi sai da injin da ma'aikatansu ke yawo da shi. Kada kuma a leƙa bakinsa da ido, hasken ciki ba a ganinsa amma yana illa. Mai faranti a kan dogon ƙarfe, wanda wayarsa ke saukowa cikin ɗan baƙin akwati mai rami biyu, ya kula da rubutun: POE na farantin ne, LAN na cikin gida. Wuta ce ke fita ta POE, a wasu bolt 24, in aka juya su ramin kwamfuta na iya ƙonewa. Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan adam, da ta shigo Najeriya a farkon 2023, wayar da ke zuwa da ita wajen mita 15 ce, kuma samfurin da ya fara yawa ba shi da ramin LAN sai an sayi mahaɗinsa daban.

Abu na ƙarshe, Malam, shago a bakin titi yake, kuma hasken allo da dare yana sanar da mai wucewa abin da ke ciki. Sa labule mai kauri, juya teburin yadda ba a hango shi daga ƙofa, ka canza kwaɗon in tsoho ne. Filashin da ka kwafe takardunka a kai kuma kada ya kwana a aljihun teburin shagon, ka ajiye shi cikin gida, kana sabunta shi duk ƙarshen mako.